Ruwan da Baba Ya Ƙi Sha

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Tela da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar nan taki? Mu nan lafiya muke, sai wani ɗan abu da zan zo kansa a ƙasa, domin malaminmu ya ce ba a buɗe takarda da kuka.

Kafin Tela ya fara karanta miki, ina so ki karɓi takardar ki dube ta da idonki. Wannan rubutu nawa ne. Babu wanda ya riƙe mini hannu, babu wanda na biya. Na gama ajin manya na yamma, kuma malam da kansa ya ɗaga littafina ya nuna wa sauran. Na san akwai waya, na kuma san za ki ce me ya hana ni kira. Dalili shi ne maganar waya iska ke kwashe ta, sannan duk ranar da kika kira Baba ya ce miki lafiya lau, sai ki yarda ki kashe. Abin da aka rubuta kuwa yana nan zaune, ba ya sauya baki.

Na biyu, ina roƙon a rage kirana Auta a gaban mutane, saboda matsayin da nake kai yanzu.

Kin tuna rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa a bakin layinmu tun muna yara. Kin kuma san yadda ruwanta ya juye ya zama zartsi, har sabulu ya daina kumfa, butar shayi tana yin farin ɓawo a ciki. To ƙungiyar unguwa ta rufe bakin rijiyar da siminti, ta zura bututu, ta gina ɗaki a gefe ta kafa na'urar tace ruwa. Aka nemi mutum mai natsuwa wanda ya iya karanta lamba. Akwai waɗanda suka nema, ba zan ci mutuncinsu a rubuce ba. Ni aka ba makulli.

Zan bayyana miki aikin a taƙaice, don in an tambaye ki ki san abin faɗa. Ruwa yana hawowa daga rijiya ya ratsa tanki mai yashi, ya bar lakarsa a nan. Ya ratsa tanki mai gawayi, ya bar warinsa. Ya ratsa wani farin zare da aka naɗe kamar kyandir, ya bar ɗan dattin da ya saura. Duk wannan share fage ne, gishiri ko gezau bai yi ba, domin gishirin da ya narke ya fi ƙarfin yashi da ƙyalle. Daga nan sai inji mai ƙarfi ya danna ruwan cikin wani dogon farin bututu. A cikinsa akwai tantani, irin wanda kike gani a cikin ɓawon ƙwai, amma mai faɗi, an naɗe shi kamar tabarma. Ƙofofinsa ido ba ya ganinsu. Ruwa kaɗai ke iya kutsawa, gishiri da ƙwayoyin cuta kuwa su tsaya a waje. Abin da ya kutsa shi ke taruwa a tsakiya ya fito garau. Injiniya, wata mata ce mai tabarau da ke zuwa dubawa lokaci-lokaci, ta ce ban taɓa sa ta maimaita bayani fiye da kima ba.

A gida ma na kawo gyara. Ba zai yiwu mai kula da ruwan unguwa a shiga gidansa a tarar da tsohuwar randa kowa na tsoma hannu ba. Na fitar da randar Inna daga kusurwar rumfa, na sa sabuwar roba shuɗiya mai famfo a wurin. In kin gani sai kin ce asibiti ne.

Yanzu ga ɗan abin. Likita ya ce jinin Baba ya hau, ƙafafunsa kuma sun fara kumburi, don haka ya rabu da gishiri, har da na cikin ruwa. Allah cikin ikonsa ga ruwa marar gishiri a rumfarsa, ɗansa ne ke yin sa. Amma Baba ya ƙi sha. Ya kurɓa sau ɗaya ya furzar, ya ce lami ne. Ke yake jin maganarki. Ki kira shi ki yi masa faɗa, amma kada ki ce ni na sa ki.

Maiɗakina tana gaishe ki. Ki gaida Tela, ki ce ya karanta a hankali, ya tsaya inda na sa aya.

Ƙaninki mai biyayya,
Mai Kula da Na'urar Tace Ruwa


Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Tela ma ina gaishe shi, duk da saƙon da ya ba Direba, mai kai mana takardun nan, ya kawo mini, wai a gaida Babban Injiniyan Tantani, a tambaye shi ko ƙwai nawa ake fasawa a rana. Direba ya faɗe shi a gaban masu layin ɗibar ruwa, aka yi ta dariya. Ina tuna wa Tela cewa da ya zo neman aurenki ni nake karɓar alawarsa in yi masa iso, kuma har yau wandon da ya ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Na ji kin kira Baba, ya ce miki yana shan ruwa sosai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ba ki tambaye shi wane ruwa ba, kuma wannan shi ne dalilin takardar nan.

Da fari na ɗauka rashin sani ne ke damun Baba, sai na shirya masa darasi. Na zaunar da shi a tabarma, na yanka albasa a faranti, na barbaɗa mata gishiri. Ba a jima ba ta fara tsattsafo da ruwa. Na ce ya duba, ɗabi'ar ruwa ke nan: in akwai tantani tsakaninsa da gishiri, sai ya ratsa ya tafi wajen gishirin da kansa, ba mai tura shi. Na'urarmu kuwa akasin haka take yi. Tana matsa ruwan zartsi da ƙarfin da ya fi wannan jan, har ya juya ya bi hanyar da ba ya so, ya baro gishirin a baya. Wallahi Yaya, bayanin ya fito yadda ko Injiniya ba za ta fi haka ba. Baba ya dubi farantin ya dube ni, ya ce, "Auta, ka ɓata wa yarinyar mutane albasa." Sannan ya ce ai ga shi na faɗa da bakina, ruwan da aka yi wa dole ya bi inda ba ya so, ina zai fito da rai? Wai ruwana an zare masa rai ne. Maiɗakina tana bakin murhu tana tari, na kuma san ba hayaƙi ba ne.

Ina cikin wannan takaici Mai Shayi, abokin Baba na bakin titi, ya tare ni ya ce in leƙa bayan ɗakin na'ura da hantsi, tsohona yana can yana shan abin da na zubar.

Dole in yi miki bayanin abin da ke bayan ɗakin. Ba duk ruwan da ya shiga farin bututu ke ratsa tantani ba. Wani kaso ne ke ratsawa. Ragowar tana gudu a kan fuskar tantanin tana share gishirin da aka bari, ta fita ta wani bututu daban zuwa kwata. Ki ɗauka mutane ne suka shiga ɗaki kowa da kayansa a ka, rabi suka fice ta taga suka bar kayan, sauran kuma dole su fita da nasu da na waɗancan. To haka ruwan bayan ɗaki yake. Gishirin rijiya ne da nasa da na wanda ya tsere. Ina da ɗan awo da nake tsomawa a kofi ya nuna lamba. A ruwan gaba, wanda aka tace, lambar tana ƙasa ƙwarai. A na rijiya tana sama. A na bayan ɗaki sai ta kusa ninka ta rijiyar.

Na zagaya na same shi zaune a kan bulo, ya miƙe kumburarrun ƙafafun nan, yana tarbar ruwan da tsohuwar moɗar kan randa, wadda na tabbata na jefa a kwandon shara. Ya sha ya yi hamdala a gabana. Na tsoma awo na nuna masa lamba. Ya ce shi ya shiga cikin ƙasar nan da igiya a ƙugu tun ina rarrafe, ya san ɗanɗanon ruwansa, ba sai wani ƙarfe ya gabatar masa da shi ba. Ya ce mun toshe bakin rijiyarsa da siminti ba mu shawarce shi ba, nan ne kaɗai take numfashi.

Ki duba wannan al'amari, Yaya. Unguwa kaf tana layi a ƙofar gaba, har daga wasu layuka ake zuwa da jarkoki, mahaifin mai makulli kuwa yana ƙofar baya yana shan abin da likita ya ce shi zai kwantar da shi. Jiya takalminsa bai shiga ba, da silifas ɗina ya fita.

Ina roƙonki ki zo da kanki, ko ki aiko da magana mai nauyi. Na gode.

Ƙaninki,
Mai Kula da Na'urar Tace Ruwa


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar ta gajarta, raina ne a ɓace.

Tun da na ga shiru daga wajenki, na ɗauki mataki da kaina. Na yi tunani cewa in babu abin da ke fita ta baya, babu abin da Baba zai tara. Akwai makunni a kan wannan bututu, sai na murɗe shi na rufe. A lissafina ma riba biyu ce, domin mutane sun daɗe suna gunaguni wai ina zubar da ruwa a kwata alhali ana nema.

Da farko komai ya tafi daidai, har ruwan gaba ya ƙaru. Daga baya allurar agogon matsi ta fara hawa, inji ya sauya murya yana nishi kamar mai ɗauke da buhu. Ruwan gaba ya koma ɗigo, wanda ke ɗigowar ma da ɗan zartsi-zartsi. Masu layi suka fara buga jarkoki. Wata tsohuwa ta ce da ma an ba mai karatun gaske. Na kashe inji na kira Injiniya.

Ba zan rubuta duk abin da ta faɗa ba, domin wasu kalmomin ba a koya mana rubuta su ba. Abin da ya dace ki sani shi ne, ashe wannan ruwa na baya shi ne tsintsiyar tantani. In an tsare shi, gishirin ba shi da wurin zuwa, sai ya daskare a fuskar tantanin ya yi farin ɓawo irin na butar shayi, ya toshe ƙofofin. Ta wuni tana wanke shi da magani, unguwa ta wuni babu ruwa. Ta ce saura ƙiris da sai an sayo sabo, kuma in na sake taɓa makunnin nan za ta gaya wa ƙungiya a karɓi makulli. A ganina da ta yi wannan bayani dalla-dalla tun farko da ba a kai nan ba, amma ban ce mata komai ba saboda girmama mata.

Da na gaya mata dalilina sai ta cire tabarau ta goge. Ita ta ba da shawara aka ƙara tsawon bututun aka binne shi, yanzu yana zubewa can cikin babbar kwata ƙarƙashin murfi, inda hannu ba ya kaiwa. Washegari Baba ya je da moɗarsa ya tarar da busasshiyar ƙasa. Mai Shayi ya ce ya daɗe tsaye a wurin. Da ya dawo bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini.

Na ɗauka yanzu dole ya juyo ga robar rumfa, tun da ƙishi ba ya jin rarrashi. Ashe ban san wanda ya haife ni ba. Baba ya daina shan ruwa. Ɗan shayin safe ne kawai, sai abin da ya shiga cikin abinci. In maiɗakina ta kai masa kofi sai ya ce ta ajiye, Allah ya yi mata albarka, a dawo a tarar ƙuda ya faɗa ciki. Na sa masa ƙanƙara, ya ce haƙori. Na matsa masa lemon tsami, ya ce shi ba mai ciki ba ne. Leɓensa ya fara tsagewa, kuma ga zafin da ake yi.

Ana cikin haka Direba ya iso da amsarki. Na tsaya na goge hannuna don in karɓi takarda, sai ya ce ai babu takarda, baki ne. Wai Yaya ta ce a tambaye ka, ina randar Inna?

Yaya, na aiko miki da shafuka cike da bayanin da na kwana biyu ina tsarawa, na kawo misalin albasa, na kawo na masu kaya, abin da zan samu ke nan? Ina ruwan randa da hawan jini? Randa ba ta cire gishiri. Randa ba ta kashe ƙwayar cuta, tara ta ma take yi in ba a kula ba. In don a san inda take ne, tana nan a kicin, na ba maiɗakina tana zuba gawayi a ciki, ba a fasa ta ba. Amma ni magana nake ta ilimi da ran mahaifinmu, ku kuna maganar tukwane. Ina zargin Tela yana tsallake wasu layuka in yana karanta miki.

Ki yi wa Allah ki zo.

Ƙaninki da ke cikin damuwa,
Mai Kula da Na'ura


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Kada hankalinki ya tashi, da sauƙi yanzu, amma daga asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata, shi ya sa layukan suka karkace.

Baba ya faɗi a bencin Mai Shayi. Ya miƙe zai taho gida jiri ya ɗebe shi. Mutane suka kawo shi a mota, aka zo aka kira ni daga ɗakin na'ura. Likita ya ce jikinsa ya bushe, ƙodarsa ta wahala, da gishirin da ya sha a baya da ƙishin da ya biyo. An ɗaura masa ruwa a hannu. Likitan ya tambaye ni wa ke kula da tsohon nan a gida, ya kuma tambayi sana'ata. Na faɗa masa. Ya dube ni ta saman takardarsa, ya ci gaba da rubutu. Tun da na karɓi makulli ban taɓa jin nauyin faɗin aikina ba sai a wannan wuri.

Likita ya ce za su sallame shi in ya warware, amma in ya koma gida bai sha ruwa ba, dawowar da zai yi ba za ta yi kyau ba. Ya faɗa mini wannan a waje, ba a gaban Baba ba.

Da Baba ya farka ya ga ledar ruwa rataye, sai ya ce da ni, "Ka ga, sun ga bakin ya ƙi, sun bi ta hannu. Duk halinku ɗaya." Ya yi dariya kaɗan, leɓen ya fashe.

Maiɗakina ta kawo abinci muka zauna a baranda. Na gaya mata saƙonki ina jiran ta taya ni mamaki. Sai ta ce ita ma ta so ta faɗa tuntuni, amma ta ga tun da na fara ajin yamma ba a gama magana a gabana sai na gyara ta. Ta ce ko na lura, tun rasuwar Inna, Baba bai taɓa shan ruwa a zaune a ɗaki ba? Kullum sai ya taka zuwa kusurwar rumfa, ya ɗaga faifai, ya ɗiba, ya sha a tsaye yana kallon ƙofar kicin. Ta ce ran da na fitar da randar yana zaune yana kallona, ni kuwa ina ta bayanin famfon roba.

Ban lura ba, Yaya. Ban ce kuna da gaskiya ta fuskar ilimi ba, wannan magana tana nan yadda na faɗe ta. Amma zan je gida yanzu in juye gawayin.

Ba sai kin taso da wannan gwiwa ba tukuna. Ki yi addu'a.

Ƙaninki


Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da Tela, ina sanar da ke cewa an sallamo Baba, yana gida, kuma yana shan ruwa. Na sa wannan a sama, na saɓa wa ƙa'idar malam, don na san shi kike jira.

Ga yadda aka yi. Na wanke randar da kaina, ciki da waje, na ɗauraye da tafasasshen ruwa, na kife ta a rana. Na mayar da ita kusurwarta, har gurbin gindinta yana nan a ƙasa bai cike ba. Robar kuwa na kai ta kicin. Na ɗebo ruwa daga ƙofar gaba ta na'ura na cika randar, na rufe, ya kwana.

Da muka shigo da Baba yana dafe da kafaɗata, ya tsaya a rumfa. Na shirya abin da zan ce, amma maiɗakina ta taka mini ƙafa. Ya saki kafaɗata ya taka da kansa. Ya ƙwanƙwasa cikin randar da yatsa ya saurara, ko na tsaga ta. Ya zaro moɗar nan daga aljihun rigarsa, ashe har asibiti da ita ya je. Ya ɗiba ya kurɓa ya riƙe a baki. Sai ya haɗiye, ya shanye, ya ƙara ɗiba. Ya ce da maiɗakina, ba da ni ba, "'Yar nan, ruwa ya dawo."

Na tsoma awona a ɓoye. Lambar ta ɗan motsa kaɗan, ba abin da zai dami likita ba. Na kai wa Injiniya wannan batu. Ta ce ruwan da aka kwashe wa komai kamar mai yunwa yake, duk abin da aka zuba shi a ciki sai ya ɗan lasa, shi ya sa a randa ya ɗauko ƙamshin ƙasa, ga kuma sanyi. Ta ce har manyan wuraren tace ruwa sukan bi da shi ta kan wani dutse a ƙarshe don ya sami ɗanɗano. Ke nan abin da kika faɗa yana da tushe a ilimi, ko da ba ki san tushen ba, kuma ina jin da an ƙara mini lokaci da na kai gare shi da kaina. Sharaɗina dai shi ne a riƙa wanke ta a kai a kai, kuma moɗa ɗaya ce za ta riƙa shiga.

Kumburin yana sauka. Shekaranjiya ya sa takalminsa ya mayar mini da silifas ɗina, ya ce sun cika ƙara.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Baba yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa randar ce ke gyara ruwan. Wai ko me aka zuba mata sai ta mai da shi ruwa. Ni da nake tashi in duba yashi da gawayi, in canza zare, in tsaya kan allura, in sha zagin masu jarka, in ɗauko ruwan a kafaɗa in kawo, ba a ambatona. Tukunya ce ta kwashe yabon.

Jiya Mai Shayi ya zo, Baba ya ba shi moɗa ya sha. Ya ce kai, wannan ruwa da daɗi yake, na ina ne? Ina daga ɗaki ina ji. Baba ya ce na rijiyarsa ne mana, wadda ya haƙa. Mai Shayi ya ce ai rijiyarka zartsi ce, tsoho, kada ka ruɗe ni. Sai Baba ya ce, "Da can. Yanzu Auta ne ke wanke shi kafin ya kawo."

Yaya, ba wanki ba ne. Na yi masa bayani da albasa, na yi da awo. Ruwa ba riga ba ne da za a wanke. Na miƙe har na kama labule zan fito in gyara maganar, bayanin yana bakina a jere tun daga yashi har tantani. Sai na ji ƙarar faifai, ya sake ɗiba. Na saki labulen na koma na zauna.

Faifan ya tsufa, gefensa ya zare, ƙura tana iya shiga. Ki ce wa Tela ya ɗinko wa randar murfi na farin ƙyalle mai kauri, da zare a baki don a riƙa tsukewa. Na auna bakin da igiya, ga ta nan cikin ambulan. Ya bi igiyar, kada ya bi idonsa, kada a maimaita abin da ya faru da wando.

Maiɗakina tana gaishe ki. Baba ya ce in gwiwa ta bari ki zo ki sha ruwa.

Naki har kullum,
Auta